Amlodipine, Captopril ko Mai Sa Fitsari: Auna Magungunan Hawan Jini Kafin a Zaɓa

Mutumin da aka auna a asibiti a Garwa, Marwa ko Kusuri da ke arewacin Kamaru aka ce masa yana da hawan jini yakan fito da takardar magani a hannu, kafin ya isa gida kuma ya haɗu da masu ba da shawara iri-iri. Maƙwabcinsa zai ce shi captopril yake sha, yayarsa za ta ce ita Amlor aka rubuta mata a Njamena, mai kantin magani kuma zai ce wanda ke cikin takardar ya ƙare amma akwai wani mai kama da shi. Magungunan nan duk suna saukar da jini, sai dai kowanne da hanyarsa, kuma wanda ya yi wa wani daidai yana iya cutar da wani. Zaɓa da rubutawa hurumin likita ne, amma mara lafiyar da ya san bambancinsu shi ne zai iya gaya wa likita abin da ke sauya zaɓin: ko akwai ciki ko shirin ɗaukarsa, ko akwai ciwon suga, nawa aljihu zai iya ɗauka kowane wata, da nisan gida daga wurin gwajin jini.

Ma'aikatan lafiyarmu sukan faɗi awo da ƙananan lambobi, su ce 14/9, wanda ya je asibiti a Yola ko Mubi kuma zai ji 140/90. Awo ɗaya ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce a fara magani idan an tabbatar awo ya kai wannan matsayi ko ya wuce, ta kuma ware rukuni uku da za a iya farawa da su: masu sa fitsari na dangin tiyazid, masu sassauta jijiyoyi irin su amlodipine, da kuma dangin da sunayensu ke ƙarewa da "pril" ko "sartan". Na rubuta sunayen magungunan kamar yadda suke a jikin kwali domin mai karatu ya iya gwada su da abin da ke hannunsa.

Ma'aunin da za a bi

Abu na farko shi ne ƙarfin maganin a irin jikinmu. An daɗe da gano cewa hawan jinin yawancin baƙar fata yana da alaƙa da riƙe gishiri da ruwa a jiki fiye da yawan sinadarin renin da ƙoda ke fitarwa, saboda haka maganin da ke aiki ta hanyar danne wannan sinadari ba ya saukar da jininmu sosai idan aka sha shi shi kaɗai. Na biyu shi ne kuɗi, kuma lissafin da ya dace shi ne na wata guda, ba na kwali ɗaya ba, domin ƙwayar da ake sha sau uku a rana tana cin 90 a wata, wadda ake sha sau ɗaya kuwa 30 ce. Na uku shi ne tsawon aikin ƙwaya a jiki da sauƙin shanta. Na huɗu shi ne ko maganin yana buƙatar gwajin jini lokaci zuwa lokaci, abin da mazaunin birni zai ɗauka da sauƙi amma ya zama babban nauyi ga wanda sai ya yi doguwar tafiya a kan babur kafin ya ga ɗakin gwaji. Na biyar shi ne haɗari, wanda a yankinmu ya haɗa da zafin bazara, azumi, gudawa, da yawan haihuwa.

Amlodipine da 'yan uwansa

Wannan rukuni yana hana kalsiyam shiga tsokar bangon jijiyoyin jini, sai jijiyar ta saki, hanyar jini ta faɗaɗa, matsin ya sauka. Amlodipine, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Amlor, shi ne jigo a cikinsu, akwai kuma nifedipine da nicardipine, wato Adalate da Loxen. A ganina shi ne ya fi cika sharuɗɗan nan biyar ga yawancin mutanenmu. Yana aiki da ƙarfi a jikin baƙar fata ko da shi kaɗai ne, yawan gishiri a abinci ba ya karya ƙarfinsa kamar yadda yake karya na wasu, kuma ana shan ƙwaya ɗaya ta miligiram 5 a rana, a ƙara zuwa 10 idan akwai buƙata. Sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda ya makara da 'yan awoyi, ko mai azumin da ya mayar da shansa zuwa bayan buɗa-baki, ba ya rasa kariya. Ba ya taɓa sinadaran jini ta yadda za a ce dole sai an riƙa gwaji saboda shi, na gama-garinsa, wato wanda ake sayarwa da sunan maganin ba da sunan kamfani ba, kuma yana cikin masu araha.

Aibinsa da ya fi damun mutane shi ne kumburin ƙafa. Da yamma mutum zai ga takalmi ya matse shi, idan ya danna yatsa a saman idon sawu sai wurin ya lotsa ya ɗan jima bai dawo ba, da safe kuma kumburin ya ragu. Ya fi faruwa da miligiram 10, ya fi kama mata, kuma zafi da doguwar tsayuwa suna ƙara shi. Mutane da yawa suna ganinsa su ɗauka ƙoda ce ta lalace, su watsar da maganin, alhali sau da yawa ruwa ne kawai da ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin da suka buɗe. Duk da haka a nuna wa likita, domin shi zai bambance shi da kumburin ciwon zuciya ko ƙoda, ya rage yawan maganin ko ya haɗa shi da na dangin "pril" ko "sartan", wanda ke rage kumburin. Akwai kuma ciwon kai da jin zafi a fuska a makonnin farko, da kumburin dasashi ga wasu idan an daɗe ana sha.

Game da nifedipine akwai gargaɗi mai nauyi. Wanda ya dace da shan yau da kullum shi ne mai sakin magani a hankali, wanda kwalinsa ke ɗauke da haruffan LP, kuma ba a fasa shi ba a tauna shi. Tsohuwar al'adar fasa mai saurin aiki a ɗiga ƙarƙashin harshe idan jini ya hau an daina ta, saboda faɗuwar jini farat ɗaya tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya.

Masu sa fitsari

Su ne tsofaffin hannu, tun ƙarshen shekarun 1950 ake amfani da su. Suna sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa, da tafiya ta yi nisa kuma suna sassauta jijiyoyi. Wanda aka fi samu a nan shi ne hydrochlorothiazide, wato Esidrex, miligiram 12.5 zuwa 25 da safe, sai indapamide, wato Fludex, wanda ya fi shi daɗewa a jiki ya kuma fi shi tsada. Babban binciken ALLHAT da aka buga a Amurka a 2002, wanda ya ƙunshi mutum sama da 33,000 kuma kusan kashi ɗaya cikin uku baƙar fata ne, ya nuna cewa chlorthalidone, ɗan wannan dangi, bai gaza sababbin magunguna ba wajen kare zuciya, a cikin baƙar fata ma ya fi lisinopril kariya daga shanyewar jiki. Wajen kuɗi da wuya a sami wanda ya fi hydrochlorothiazide sauƙi.

Sai dai a nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo cikin lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Marwa, Kusuri da Njamena yakan haura digiri 40, kuma manomi, mai acaɓa ko ɗan dako da ke yini a rana ya riga ya zubar da ruwa da gishiri ta gumi kafin magani ya ƙara nasa. Sakamakon shi ne jiri idan an miƙe, kasala, ɗaurewar tsoka, ga tsofaffi kuma har da ruɗewa idan gishirin jini ya yi ƙasa sosai. Maganin yana rage fotasiyam, yana iya ɗaga suga kaɗan, yana kuma tayar da ciwon gaɓar nan mai kama babban ɗan yatsan ƙafa da raɗaɗi cikin dare, don haka wanda ya taɓa yinsa ya faɗa tun farko. Ya kamata a gwada jini kafin a fara, a sake bayan 'yan makonni, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai niyyar azumi ya je wurin likita tun cikin Sha'aban a tsara masa lokacin sha. Furosemide kuwa, wato Lasilix, ko da yake yana sa fitsari sosai, ba shi ne maganin hawan jini na yau da kullum ba. Aikinsa gajere ne, an fi ajiye shi ga masu ciwon zuciya ko ƙoda mai tara ruwa.

Dangin "pril"

Captopril, enalapril, lisinopril, ramipril da perindopril suna hana jiki ƙera sinadarin da ke matse jijiyoyi. Captopril, na farkonsu, ya shiga kasuwa a 1981, kuma har yanzu yana ko'ina a shagunanmu saboda arahar ƙwayarsa. Wannan araha tana da yaudara, domin ana shansa sau biyu ko uku a rana, an fi so kafin abinci, wanda kuma ke kasuwa tun safe zai manta da na rana. Enalapril sau ɗaya ko biyu ne, lisinopril, ramipril da perindopril sau ɗaya.

Darajarsu ta gaskiya tana wurin kare ƙoda da zuciya. Mai ciwon suga da aka ga furotin a fitsarinsa, mai ciwon ƙoda da ya fara, wanda zuciyarsa ta raunana ko ya taɓa samun bugun zuciya, duk waɗannan suna samun amfanin da ya wuce saukar da awo. Amma ga baƙin mutum da ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan, farawa da "pril" shi kaɗai zaɓi ne mai rauni, kuma yana damuna yadda ake samun mutane sun shekara a kan captopril kaɗai awonsu bai taɓa sauka ƙasa da 16 ba, babu wanda ya sake duba takardar. Idan aka haɗa shi da amlodipine ko mai sa fitsari, ƙarfinsa yakan fito.

Haɗarinsa guda huɗu ne da ya wajaba a sani. Akwai busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda ke kama kusan mutum ɗaya cikin goma, ba ya jin maganin tari, kuma yana iya sa a yi ta gwajin tarin fuka a banza. Akwai kumburin leɓe, harshe ko maƙogwaro, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma ya fi yawa ga baƙar fata. Wanda ya ga haka ya daina sha ya tafi asibiti nan take, domin yana iya toshe numfashi. Akwai ɗaga fotasiyam da taɓa aikin ƙoda, shi ya sa ake gwada kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, da fotasiyam kafin farawa da kuma mako ɗaya ko biyu bayan haka. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci a gidajenmu: yana cutar da ɗan tayi, yana lalata ƙodarsa, don haka mai ciki ba ta shansa ko kaɗan, matar da ke iya ɗaukar ciki kuma ba ta kan tsarin tazarar haihuwa ta gaya wa likita kafin ya rubuta.

Dangin "sartan"

Losartan, valsartan, telmisartan da candesartan suna toshe wurin da sinadarin nan mai matse jijiyoyi ke sauka a jikin jijiya. Amfaninsu ga ƙoda da zuciya kusan ɗaya ne da na "pril", haramcinsu ga mai ciki ɗaya ne, buƙatar gwajin jini ɗaya ce, rauninsu idan su kaɗai ne ma haka. Bambancin shi ne da wuya su sa tari, kumburin leɓe ma ya fi ƙaranci, ana kuma shansu sau ɗaya a rana. Sun fi tsada, kuma a wajen manyan garuruwa ba kullum ake samunsu ba. Ba a haɗa "pril" da "sartan" a jiki ɗaya.

Dangin "lol", da magungunan mai ciki

Atenolol, bisoprolol da propranolol suna rage gudun zuciya da ƙarfin bugawarta. A da ana farawa da su, yanzu an janye su daga sahun farko ga wanda hawan jini kawai yake da shi, saboda kariyarsu daga shanyewar jiki ba ta kai ta sauran ba, aikinsu a jikin baƙar fata ma bai kai ba. Gurbinsu yana nan ga wanda ya yi bugun zuciya, mai ciwon ƙirji idan ya yi tafiya, da mai saurin bugawar zuciya. Mai asma ya nisance su sai da izinin likita, suna iya ɓoye alamun faɗuwar suga, suna kawo kasala, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Su da masu sa fitsari ne aka fi zargi da rage ƙarfin namiji, kuma magidanta da yawa suna daina magani a ɓoye saboda wannan. Faɗa wa likita ya fi, domin sauyi yana yiwuwa, hawan jinin da aka bari kuwa shi da kansa yana jawo wannan matsala.

Mai ciki tana da nata jerin: methyldopa, wato Aldomet, nifedipine mai LP, da labetalol inda ake samunsa. Methyldopa ya daɗe da tabbatar da amincinsa ga jariri, amma yana sa barci da mutuwar jiki, ana shansa sau biyu ko uku, don haka ba a so a ci gaba da shi bayan haihuwa.

| Rukuni | Ƙarfi shi kaɗai a jikinmu | Sha a rana | Kuɗin wata | Gwajin jini | Babban abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| Amlodipine | Sosai | Sau 1 | Araha | Ba dole saboda shi ba | Kumburin ƙafa |
| Hydrochlorothiazide, indapamide | Sosai | Sau 1 da safe | Na farkon ya fi kowa araha | Ana buƙata | Bushewar jiki, raguwar fotasiyam |
| "pril" | Matsakaici | Sau 1 zuwa 3 | Araha zuwa matsakaici | Dole | Tari, kumburin leɓe, haramun ga mai ciki |
| "sartan" | Matsakaici | Sau 1 | Ya fi tsada | Dole | Haramun ga mai ciki |
| "lol" | Mai rauni | Sau 1 zuwa 3 | Araha zuwa matsakaici | Auna saurin bugawar zuciya ya fi muhimmanci | Asma, ba a yankewa farat ɗaya |
| Methyldopa | Matsakaici | Sau 2 zuwa 3 | Matsakaici | Lokaci zuwa lokaci | Barci da kasala |

Idan ƙwaya ɗaya ba ta isa ba

Yawancin masu hawan jini sai da magani biyu awonsu ke daidaita, kuma a kan wannan muna da hujjar da aka samo a nahiyarmu. Binciken CREOLE, wanda aka buga a 2019 ƙarƙashin jagorancin Dakta Dike Ojji na Abuja, ya ɗauki marasa lafiya 728 a ƙasashe shida, Kamaru na cikinsu tare da Najeriya, Kenya, Yuganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. An gwada haɗi uku na tsawon wata shida, aka ga amlodipine da hydrochlorothiazide, da kuma amlodipine da perindopril, sun fi perindopril da hydrochlorothiazide saukar da jini. Ma'ana, duk haɗin da amlodipine ke ciki shi ya yi gaba. Akwai ƙwayoyin da suka haɗa biyu a ɗaya, irin su Coveram, suna da sauƙin sha amma kuɗinsu yakan ninka na sayen na gama-gari biyu daban-daban, kuma wanda zai saya wata ɗaya ya kasa na biyu gara ya tsaya kan ƙwaya biyu masu araha. Idan uku sun gaza, likita kan ƙara spironolactone, wani nau'in mai sa fitsari, tare da sa ido kan fotasiyam.

Kafin a ce magani ya gaza, a duba abin da ke karya shi. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon jiki suna ɗaga jini, idan kuma suka haɗu da "pril" da mai sa fitsari suna iya durƙusar da ƙoda. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa suna ɗauke da sodiyam mai yawa, wato sinadarin gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwar da ake sa wa miya da kunu duk suna cikin lissafin. Zoɓo yana ɗan rage awo ga wasu, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Wanda amai da gudawa suka kama, yana kan mai sa fitsari, "pril" ko "sartan", ya nemi ma'aikacin lafiya da wuri, domin akan dakatar da su har jiki ya dawo da ruwansa.

Inda aka sayi ƙwayar ma yana cikin zaɓin. A bakin kasuwa za ka ga faranti cike da sallunan magani a rana tsaka, an yanka su da almakashi biyu-biyu, babu kwali balle ranar lalacewa, alhali yawancin kwalayen sun ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Wani bincike da aka buga a 2017 kan magungunan zuciya a ƙasashen Afirka goma, har da Nijar, ya sami kusan kashi 16 cikin ɗari marasa inganci, amlodipine da captopril ne suka fi yawan lalatattu, kuma abin ya fi muni a kasuwar titi. Na gama-gari da ke zuwa kantin asibitin gwamnati ta hannun CENAME, cibiyar samar da magunguna ta gwamnatin Kamaru, ko wanda aka saya a kantin magani mai lasisi, shi ne wurin da araha da aminci suka fi haɗuwa.

Wa ya dace da wanne

Babba mai hawan jini kaɗai, ba suga ba ciwon ƙoda, musamman mai aiki a rana ko wanda ke nesa da ɗakin gwaji, amlodipine ne ya fi dacewa ya tattauna da likitansa a kai. Wanda kuɗi suka yi wa ƙaranci ƙwarai kuma yana iya yin gwajin jini, ko wanda kumburin ƙafa ya hana shi sakat, hydrochlorothiazide zaɓi ne mai kyau, tare da kula da shan ruwa a bazara. Wanda awonsa ya kai 16/10 ko ya wuce, akasari da magani biyu ake fara masa, kuma amlodipine ya kasance ɗaya daga ciki. Mai ciwon suga da furotin a fitsari, ko mai ciwon ƙoda, yana buƙatar "pril" ko "sartan" a cikin haɗinsa, da sharaɗin gwaji. Idan tari ya taso a koma "sartan". Wanda ya yi bugun zuciya ko zuciyarsa ta raunana, "lol" da "pril" suna cikin abin da likitan zuciya zai tsara masa. Matar da ke shekarun haihuwa ta fi samun kwanciyar hankali da amlodipine ko nifedipine mai LP, da zarar ciki ya shiga kuma ta je awo da kwalayen da take sha a hannu domin a mayar da ita kan na masu ciki. Tsoho ko tsohuwa da ke yawan jiri a fara musu da ƙaramin miligiram, a auna su a zaune da kuma a tsaye, sannan ɗa ko 'yar da ke saya musu magani su riƙe takardar, su ƙi karɓar sauyi a kanti sai wanda sunan maganin da miligiram ɗinsa suka yi daidai da abin da aka rubuta.